Fim ɗin Kirsimeti na Amurka ko na Diwali na Indiya?

Finafinan soyayya da tashar Hallmark ke jerawa lokacin Kirsimeti kusan labarinsu ɗaya: budurwa mai babban aiki a birni ta je garinsu hutu, ta haɗu da saurayi, su taka rawa sau ɗaya ƙarƙashin fitilun ado, sai ta ajiye aikin. Cikin minti 90 an gama. Ajiye aikin nan ne ke ci mini tuwo a ƙwarya.

Na Indiya da ake saki lokacin Diwali, wato babban bikin fitilu na ƙasar, kan doshi awa uku, kuma ni su na fi so. A can rawa magana ce: da bugun ƙafa da ƙarar awarwaro yarinya ke faɗa wa mahaifinta abin da bakinta ya kasa. Sau da yawa burinta na nan daram, iyaye ake ta lallashi.