Fom ɗin shiga a shafin farko: wace hanya za ka zaɓa?

Hanyoyi uku ne a gaban mai manhajar intanet da yake son jama'a su shiga tun daga shafin farko: ya rubuta fom ɗin da kansa, ya saka fom ɗin wani kamfani a cikin iframe (wato taga mai nuna wani shafi a cikin shafinsa), ko ya ajiye maɓalli guda da zai kai mutum shafin shiga na musamman ya dawo da shi.

Mu fara sallamar iframe, don ita ce ta fi yawan ba da kunya. Fom ɗin yana fitowa ne daga wani adireshi daban, saboda haka burauza tana ɗaukar kukis ɗinsa (ƙananan bayanan da shafi ke ajiyewa a burauza don ya tuna wanda ya shiga) a matsayin na baƙo. Safari ta toshe irin waɗannan kukis gaba ɗaya tun watan Maris na 2020, Firefox kuma ta killace su a 2022. Sai mutum ya rubuta kalmar sirrinsa daidai, shafi ya sake buɗewa, ya tarar har yanzu yana waje. Google ma ba ta yarda a saka shafinta na shiga cikin iframe, don gudun 'yan damfara masu ɗora hoton bogi a kan maɓalli na gaske.

Fom ɗin da ka rubuta da kanka ba shi da kuɗin wata-wata, amma duk nauyin tsaro yana wuyanka. Dole shafin farkon kansa ya kasance a kan HTTPS (hanyar da ke ɓoye bayanai tsakanin burauza da sabar), ba wurin da fom ke turawa kaɗai ba. Chrome ta fara yi wa shafukan HTTP masu gurbin kalmar sirri tambarin rashin tsaro tun Janairun 2017, kuma hukumar Let's Encrypt na ba da satifiket ɗin da HTTPS ke buƙata kyauta. Kalmar sirri a adana ta da Argon2id ko bcrypt, hanyoyin rikita ta don kada a iya karanta ta, a tuna cewa bcrypt ba ya karanta abin da ya wuce bait 72. A taƙaita yawan gwajin da mutum zai yi, kuma saƙon kuskure ya zama iri ɗaya ko imel ne bai yi ba ko kalmar sirri.

Matsalar da ta fi kama masu wannan hanya ita ce lambar kariya ta CSRF, wadda ke hana wani shafi tura fom da sunan mai amfani ba da saninsa ba. Shafin farko shi aka fi adanawa a Cloudflare (kamfanin da ke ajiye kwafin shafuka) ko makamancinsa don ya buɗe da sauri, alhali lambar ta kowane baƙo daban ce. Da zarar an adana shafin, kowa lamba ɗaya zai samu: sai a ƙi fom ɗin; cikin kayan gina manhaja, Laravel ta nuna kuskure mai lamba 419, Django ta nuna 403. Haka yake faruwa ga wanda ya bar shafin a buɗe ya tafi harkokinsa, domin zaman Laravel, wato lokacin da take tuna baƙo, minti 120 ne idan ba a canza ba. Maganin shi ne ko dai a hana adana shafin, ko a ɗauko lambar da JavaScript lokacin da aka taɓa fom.

Hanya ta uku ita muka fi ba da shawara. Auth0, Amazon Cognito da Keycloak duk suna ba da shafin shiga nasu bisa tsarin OpenID Connect (ƙa'idar da ke ba wani shafi damar tantance mutum a madadinka), kuma Auth0 da kanta ta fifita wannan a kan fom ɗin da ake sakawa cikin shafi. Shafin farkonka ya ci gaba da zama mara nauyi, tabbatarwa mai mataki biyu kuma kunna ta kawai za ka yi. Illarta danna ɗaya ne da ya ƙaru, sai kuɗi. Auth0 da Cognito suna caji da dala bisa yawan masu shiga a wata, bayan kason kyauta, don haka mai karɓar naira ya yi lissafi da adadin da yake sa ran samu nan da shekara biyu. Keycloak kyauta ne, amma manhajar Java ce mai buƙatar sabar da rumbun bayanai da wanda zai riƙa sabunta ta.

Kafin ka biya kowa, tambaye shi abu biyu: shafin shiga zai iya zama a ƙarƙashin adireshinka, kuma idan za ka tashi, zai ba ka kalmomin sirrin masu amfani a ɓoye yadda suke? In bai bayar ba, ranar ƙaura kowa sai ya sake sabuwa.