Rubuta aya cikin OBS ko haɗa shi da OpenLP: wanne ya fi wa majami'a?

Ɗan'uwa, salama. Ka ce majami'arku tana watsa sujadar Lahadi kai tsaye a Facebook da OBS Studio, kwamfuta ɗaya ce tal, kuna so aya ta riƙa fitowa a ƙasan hoto lokacin wa'azi. Tambayar kuwa: ku riƙa rubuta ayar a cikin OBS ɗin ne, ko ku nemo manhajar nuna nassi irin OpenLP ku haɗa su?

Kafin ka dubi kwamfutar, dubi mai wa'azinku, shi zai raba gardamar. Akwai faston da zai turo ayoyinsa tun daren Asabar, ya kuma bi su daki-daki. Akwai wanda da zarar wa'azi ya yi zafi sai ka ji ya ce, "A buɗe mini Ibraniyawa sura 11," alhali babu wannan a takardar da ya bayar. Na farkon, OBS kaɗai ya ishe ku. Na biyun, OBS kaɗai zai sa yaron da ke kan kwamfuta ya jiƙe da gumi.

Hanya ta farko ba ta da wuyar kafawa. A cikin OBS ka ƙara akwatin rubutu, ka shimfiɗa baƙin zirin da ba ya rufe hoto gaba ɗaya a bayansa, ka ajiye su a ƙasan allo. Akwai zaɓin da ake kira Read from file, wanda ke sa akwatin ya riƙa karanta abin da ke cikin wani fayil na Notepad. Da ka canja ayar ka adana, sai ta canja a allo. Wasu kuma sukan zana kowace aya a matsayin hoto tun da wuri, su jera su. Wannan ya fi kyan gani, don kai ka tsara inda kowane layi zai karye. Nauyin kwamfuta kusan babu. Illarta ɗaya ce, amma babba: duk ayar da ba a shirya ba sai an nemo ta, a kwafa, a liƙa, a gyara. Kafin ta fito fasto ya wuce sura biyu, masu kallo suna karanta abin da aka gama magana a kansa.

Hanya ta biyu, OpenLP ne ke riƙe da Littafi Mai Tsarki ɗungurungum, OBS kuwa ɗaukar abin da ya nuna kawai yake yi. Ka buga sunan littafi da sura da aya, ka danna, ta fito. In fasto ya ce a ci gaba, maɓalli ɗaya ne zuwa aya ta gaba. Ranar da aka karanta Zabura 119 mai ayoyi 176, a nan za ka gode wa Allah da ba kwafa kake yi ba. Yana kuma raba doguwar aya gida biyu da kansa, irin Esta 8:9 wadda in ka cusa ta cikin akwatin OBS za ta haura har ta rufe wa mai wa'azi fuska. Dukansu biyu kyauta ne, OBS da OpenLP, don haka kuɗi ba ya cikin wannan gardamar.

Wahalar tana wajen haɗawa. Abin da yawanci ake yi shi ne a tsara bangon OpenLP ya zama kore tsantsa, rubutun a ƙasa, OBS ya ɗauki wannan tagar, a sa masa Chroma Key ya cire koren, sai rubutu kaɗai ya rage a kan hoton kyamara. Yana aiki lafiya lau, sai dai in kuna da majigi a cikin majami'a. OpenLP babban allo ɗaya yake fitarwa, don haka koren da kuka shirya wa Facebook shi jama'a za su gani a bango, da 'yar aya can ƙasa inda kawunan mawaƙa suka tare. Mafita ita ce shafin da OpenLP ke buɗewa a cikin kwamfutar da kanta, ta lamba 4316: a tsara masa kamanni na musamman, a saka shi a OBS ta Browser Source, wato zaɓin da ke nuna shafin intanet a cikin hoto, majigi ya ci gaba da nuna nasa cikakken allon. Wannan sai an samu matashin da ya ɗan taɓa tsara shafin intanet. Yini ɗaya ne aikin, amma in an yi an gama. Ta wannan shafin kuma wani zai iya sarrafa ayoyin daga wayarsa muddin suna kan wayifai ɗaya, mai kwamfuta ya ji da kyamara da sauti.

In ba ku da irin wannan matashin, ku gwada FreeShow. Shi ma kyauta ne, yana fitar da allo fiye da ɗaya kowanne da tsarinsa, yana kuma tura hoto ta NDI, wato hanyar aika hoto daga wata manhaja ko na'ura zuwa wata. Kada batun NDI ya tsorata dattawa: tsakanin na'urorin cikin ɗaki yake yawo, ba ya cin datar intanet, sai dai ya fi son waya ta kebul a kan wayifai, kuma OBS na buƙatar ƙarin manhaja kafin ya karɓe shi. ProPresenter da EasyWorship suna yin duk wannan da kyau, amma biya ake yi da dala. Ni dai ban ga dalilin da ikilisiya mai kyamara ɗaya za ta kai baikonta can ba.

Yanzu ga abin da ya fi shafarmu masu sujada da Hausa, wanda bidiyoyin koyarwa na Turawa ba sa taɓawa. A hanya ta farko, kowace fassara kake so ka kwafo daga manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion ka liƙa. A ta biyu, sai an shigar da fassarar cikin manhajar tukuna, cikin tsarin fayil da take ganewa, irin OSIS ko Zefania. Ka tabbatar kun samu wannan fayil kafin ka yi wa kowa alkawari. Fassarar Sabon Rai Don Kowa, ƙungiyar Biblica ta sake ta da lasisin da ya yarda a kwafa a rarraba, ita ce mafi sauƙin samu ta halal. Ta 1979 kuwa tana da masu haƙƙi, a nemi izini. Sannan a tambayi fasto wace fassara ce a kan bagadensa. Tsofaffi da yawa har yau ta 1932 ce a bakinsu, kuma ba abin da ke rikita mai kallo kamar kunnensa na jin lafazi ɗaya, idonsa na karanta wani. Ko sunan littafi ma yakan bambanta: wata fassarar Yohanna, wata Yahaya, in mai kwamfuta ya buga wanda babu a tasa, ba abin da zai fito.

Sai haruffa masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ. Wannan matsalar ba ta zaɓar hanya, kowacce tana kamawa. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai ka ga ɗan akwati a madadin harafi, ko harafin ya fito da wata kama daban a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika suna da su duka. In da Notepad kake aiki, ka adana fayil ɗin a UTF-8, tsarin adana rubutu da ke gane waɗannan haruffa. Ka gwada da kalmomi irin ƙauna, ɗa, ɓata, manya da ƙanana, tun ranar Asabar.

Duk wadda kuka ɗauka, ku tuna a waya ake kallonku, kuma sau da yawa da intanet mai rauni. Siririn rubutu shi ne farkon abin da ke dushewa in hoto ya lalace. Ku sa fari mai kauri a kan duhu, layi biyu ko uku, sunan littafi da sura da aya a samansa. In an gama karatu a sauke ta, kada ta yi minti ashirin tana zaune a ƙirjin fasto.

Shawarata gare ku, tunda kwamfuta ɗaya ce: ku fara da akwatin OBS wannan Lahadin, ku roƙi Baba Pasto ya riƙa turo ayoyi da wuri. Ku ƙirga ayoyin da ya kira ba shiri cikin wata guda. In sun wuce biyu ko uku a kowane wa'azi, ku koma OpenLP ko FreeShow, amma ku fara gwada su a sujadar tsakiyar mako, ku ga ko kwamfutar za ta ɗauki manhajoji biyu ba tare da hoto ya riƙa tsinkewa ba.