Aikin yanar idon Inna: abin da na yaba da abin da ya ɓata mini rai

Wata uku ke nan da yi wa Inna aikin yana a idonta na dama, a wani asibitin ido da ke nan cikin Katsina. Da gangan na jinkirta rubutun nan, don ban so in yi yabo tun ido bai warke ba.

Idon hagu kuwa ya riga ya tafi. Shekara takwas da suka wuce wani mai magani da ke bin ƙauyuka ya sauka a garinsu, aka ce yana cire yana a zaune, babu asibiti babu kwanciya. Ya soka wani abu mai tsini a gefen idon, haske ya shigo, aka yi ta guɗa. Kafin sati ya zagayo idon ya yi jawur, ciwon kai ya hana ta barci, mutumin kuwa ya yi gaba. Tun daga nan ko an ambaci aikin ido sai ta ce a bar ta da ɗayan da Allah ya bar mata. Sai da ta fara laluben buta da rana tsaka sannan ta yarda na ɗauko ta.

A asibitin ne na fara gane abin da ake kira yana. Ni da na ɗauka wata fata ce ke rufe ido daga waje, a kankare ta a huta. Likita ya ɗauko hoton ido ya nuna mini wata ƙwaya da ke bayan baƙin ido, garai-garai kamar gilashi, wadda ke tattara haske. Ita ce ke dushewa da tsufa, ciwon suga kuma yana gaggauta ta. Mai maganin nan tura ta ya yi ta faɗa can cikin idon. Hanya ta buɗe, amma babu abin da zai tattara gani, ga kumburi ya biyo baya. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano yana ce kan gaba wajen makantar da mutane, kuma fiye da kashi 40 cikin ɗari na idanun da aka taɓa saboda ita, irin wannan turawar aka yi musu. Ashe Inna ba ita kaɗai ba ce.

Mun isa bayan sallar asuba, ba mu ga likita ba sai wajen azahar. Kati, layi, allon gwajin gani, maganin ɗigawa mai buɗe baƙin ido, a sake zama. Bencina ba su isa ba, tsofaffi a ƙasa kan tabarmi. Da aka auna sugan Inna aka ce ya hau, a je a sauko da shi a dawo bayan sati biyu. Raina ya ɓaci ranar, har na yi gunaguni. Yanzu na san gaskiyarsu ce, domin rauni ba ya warkewa da kyau kan suga, kuma ƙwayar cuta tana samun wurin zama. Da muka dawo aka sa na'ura aka auna tsawon idon da lanƙwasar gabansa, don a san ƙarfin ƙwayar roba da za a dasa mata. Kowane ido da lambarsa, kamar takalmi.

Hanya biyu aka bayyana mana. Akwai wadda suke kira fako, inda ake huda kamar milimita 2 zuwa 3, na'ura ta farfasa yanar ta zuƙe, a shigar da ƙwaya mai naɗewa. Ta fi saurin warkewa, ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ɗayar kuma ana yanka kamar milimita 6 zuwa 7 a farin ido, a zaro yanar ɗungurungum, yankan ya haɗe da kansa galibi ba ɗinki. Likitan ya ce yanar Inna ta nuna ta yi tauri, ta biyun ta fi dacewa da ita. Na ji daɗin wannan, don bai tura mu inda kuɗi ya fi yawa ba.

Aikin kansa bai fi minti ashirin ba. Ba a sa ta barci ba, allurar kashe zafi aka yi a gefen idon. Ta ce allurar ce kawai ta ji, sai muryar likita yana cewa "Mama, kada ki motsa, mun kusa." Washegari aka cire bandeji. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba ta cika kallona ido cikin ido ba. Ranar ta ƙura mini ido, ta daɗe, sannan ta juya ga ƙanwata ta ce, "Ke, yaushe wannan ya yi furfura haka?" Ɗakin gaba ɗaya aka sa dariya, ni kuwa fita na yi waje.

Ita ƙwayar robar nan, wani likitan Ingila mai suna Harold Ridley ne ya fara dasa ta a Landan a 1949. Ya lura matuƙan jiragen yaƙi da ɓarɓashin robar tagar jirgi ya shige musu ido, idon ba ya ƙin ta. Yau ga jikar waccan robar a idon tsohuwa a Katsina.

Inda suka gaza shi ne bayani bayan aiki. Ma'aikaciyar jinya ta karanto mana dokoki a guje, ta miƙo takarda da Turanci, alhali yawancin masu jinya a ɗakin ba sa karanta shi. Magungunan ɗigawa biyu ne, na kashe ƙwayar cuta da na rage kumburi, na biyun ana rage yawansa a hankali har wajen sati shida. Ɗaya babu shi a kantin maganin asibitin, sai da na zagaya kemis uku. Babu wanda ya yi maganar alwala da sujada, abin da kowace tsohuwa a wurin za ta fuskanta kafin la'asar. Sai da na koma na tare likitan a baranda. Ya ce kada ruwa ya shiga idon, ta yi salla a zaune da ishara na ɗan lokaci, ban da kwalli, ban da murza ido, ta nisanci hayaƙin murhu da ƙura. Minti biyu ya ɗauka yana faɗa. Me zai hana a buga shi da Hausa, da boko da ajami, a manna a bango?

Ranar komawa ta sati ɗaya na ga wani dattijo da ya zo daga wajen Jibiya da kuɗin aiki a aljihu. Aka ce masa nasa ba yana ba ce, hawan jinin ido ne ya cinye jijiyar gani, aiki ba zai dawo da abin da ya tafi ba, sai dai a tsare ragowar da magani. Ba su karɓi kuɗinsa ba. Wannan ya sa na yafe musu rabin layin da muka sha.

Mu ma an faɗa mana idon hagu babu abin yi. An kuma ce idan bayan shekara ɗaya ko biyu ganin ya sake yin hazo, ba yana ce ta dawo ba, jakar da ƙwayar ke zaune ciki ce ta dushe, ana buɗe ta da hasken leza cikin 'yan mintuna. A sati na shida aka yanka mata tabarau na karatu, domin ƙwayar an saita ta ne don hangen nesa. Yanzu tana karanta Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe, tana tsince tsakuwa a shinkafa, tana kuma ganin duk inda jikoki suka bar shara.

Ƙanwarta da ke Daura ita ma yanar ta kama ta, ranar Litinin za a kawo ta asibitin nan. Na ce su auna suga tun a gida, su zo da tabarma da abinci, ni kuma na rubuta musu dokokin ɗigon da Hausa a bayan katin Inna.