Kafin ka biya kuɗin motar gwanjon inshora, nemo hotunanta na farko

Da yawa daga motocin Amurka da ake saukewa a Legas da Kwatano daga gwanjon kamfanonin Copart ko IAA suka fito, bayan kamfanin inshora ya ga gyaransu asara ne. Mabuɗin tarihinsu lambar VIN ce, baƙaƙe da lambobi 17, babu I, O ko Q a ciki. Karanta ta da idonka a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba da jikin ƙofarsa. In suka saɓa, ka bar cinikin.

Da wannan lamba ake bincike. Shafin VINCheck na NICB, ƙungiyar yaƙi da zambar inshora a Amurka, kyauta ne, amma iyakarsa ya ce an sace motar ko inshora ta yasar da ita. Rahoton NMVTIS, rumbun bayanan takardun motoci na gwamnatin Amurka, da araha, gajere ne. Rahotannin Carfax da AutoCheck suna kawo yawan masu motar na baya da milolin da ta yi tafiya, sai dai su rubuta “hatsari”, ba ka ga ɓarnar da idonka ba.

Ni dai shafukan da ke ajiye bayanan gwanjon da aka kammala, irin su bidfax da stat.vin, su ne zaɓina. Za ka ga hotunan motar kafin mai gyaran bodi ya taɓa ta, da farashin da aka buga, da milolin ranar, da wanda ya sayar. Duba sitiyari ka ga ko jakar iska ta fashe, ka duba ko tayar gaba ta koma baya, mai yiwuwa alamar chasis ya lanƙwashe. Duba sau nawa ta shiga gwanjo: in inshora ce ta sayar da fari, sai dila ya dawo da ita da sabon bamba, faci aka yi don ɓoye ɓarna.

Babban abin tsoro ruwa ne. Motar ambaliya, kamar na guguwar Harvey a Texas a 2017, fes take a hoto, injin ma yana tashi. Bayan watanni wayoyi su ci tsatsa, kwamfutar motar ta rikice. Nemi laka a ƙarƙashin kujera da layin alamar iyakar ruwa da ma'aikatan filin gwanjo ke ja a ƙofa.

Kada ka karɓi rahoton da dillali ya turo ta WhatsApp, gyara shi ba wuya, ciro naka. Akwai masu biya a goge hotunan mota daga waɗannan shafuka, don haka rashin ganinta ba shaidar lafiya ba ce, bincika shafi biyu ko uku. Wasu kuma su yi wa motar rajista a wata jihar Amurka don takardarta ta fito tsaf. In milolin gwanjo 140,000 ne, a dashbod kuma ka ga 80,000, an juya mita.