Baldur's Gate 3: Sharhi Kan Tsarin Wasa da Aboki

Kamfanin Larian Studios ya fitar da wasan bidiyo na Baldur's Gate 3 a shekarar 2023, kuma ko da yake labarinsa ya fi dacewa da mutum ɗaya, ya ba da damar mutum huɗu su haɗu ta intanet, ko biyu su raba fuskar talabijin ɗaya a PlayStation 5. Wannan na biyun shi ne ya fi amfani a shagunan wasa na Mabera da Gawon Nama a Sakkwato, domin ba ya cin data.

A wurin yaƙi tsarin ya yi armashi ƙwarai, tunda bi da bi ake kai hari, kowa yana da sukunin shawartar ɗan'uwansa. Matsalar tana wurin hira. Wanda ya fara tunkarar mutum shi ne mai zaɓen amsa, ɗayan kuwa sai dai ya ba da shawara, ko da amsar za ta jawo faɗan da bai shirya masa ba. Haka kuma ayarin ba ya wuce mutum huɗu, saboda haka duk abokin da ya shigo ya cinye gurbin ɗaya daga cikin 'yan rakiya na cikin wasan, kamar Shadowheart ko Karlach, alhali labaransu ne gishirin wasan. Rubutun ma yana ƙanƙancewa idan an raba fuskar, musamman a ƙaramar talabijin.

Ina ba da shawarar mutum ya fara kammala shi shi kaɗai, sannan ya gayyaci aboki a zagaye na biyu.