Masu wanke daben efoksi: aikinsu yana da kyau, amma ba kowa ke buƙatarsu ba

Masu shimfiɗa daben efoksi sukan tallata shi da cewa da zarar an gama aikin, mai wuri ya huta da maganar kulawa. Gaskiya ne cewa ya fi daben siminti tsura sauƙin riƙo, amma yana lalacewa idan aka wanke shi da abin da bai dace ba. Dalilin da ya sa ke nan muka ɗauki wani kamfanin tsafta a nan Kano domin ya riƙa wanke daben rumbun da muke ajiye kaya, kuma a kan aikinsu wannan sharhi yake.

Efoksi haɗin ruwa biyu ne, wato ƙaro da sinadarin da ke daskarar da shi, waɗanda ake gaurayawa a shafa a kan kankare har su ƙame su zama shimfiɗa guda wadda ba ta da tsagi irin na tayil, ba ta kuma shan ruwa ko mai. Saboda haka datti ba ya shiga cikinsa, a sama yake tsayawa. Babban abin da ke cin sa shi ne yashi, domin ƙwayar yashi ta fi shi tauri, kuma duk lokacin da takalmi ko tayar baro ta bi ta kanta, sai ta bar ƙaramin karce wanda ido ba ya gani nan take, amma idan irinsa ya taru sai sheƙin daben ya dusashe. Ma'aikatan kamfanin sun san da haka, domin ba sa zuba ruwa sai sun kwashe ƙura da busasshiyar mofa mai laushi, musamman a lokacin hunturu da ƙura kan rufe wuri cikin yini guda. Ganin wannan tun a zuwansu na farko shi ya sa na amince da su.

Wajen sabulu ma sun burge ni. Suna zuwa da ruwan wanki wanda ba shi da tsami kuma ba shi da kaifin soda, wanda ma'auninsa na pH, wato ma'aunin tsami da kaifin soda, yake kusa da 7, sannan shugaban tawagar ya hana yaranmu amfani da garin sabulun wankin kaya, saboda yana barin wani yauƙi a kan daben wanda ke kama ƙura, ya kuma mai da wurin mai santsi idan ya jiƙe. Haka nan ya yi gargaɗi a kan asid ɗin da wasu ke wanke tayil da shi, da ruwan khal, da lemon tsami, domin duk suna kashe ƙyallin efoksi sannu a hankali. Idan maiƙo ya yi yawa, sukan zuba rabin kofi na amoniya, wani sinadarin wanki mai ƙarfin wari, a cikin kimanin lita 4 na ruwan ɗumi, kuma sun jaddada cewa kada a kuskura a haɗa amoniya da bilic, saboda haɗin yana fitar da iska mai guba. Injin da suke goge daben da shi yana ɗauke da soso mai laushi, yana wankewa yana tsotse ruwan, har ana iya ci gaba da aiki jim kaɗan bayan sun gama.

Inda suka gaza shi ne kusurwoyi da ƙarƙashin kantoci, waɗanda injin ba ya kaiwa, kuma sai an yi magana kafin a bi su da hannu. Akwai kuma ranar da wani sabon ma'aikacinsu ya sa soson ƙarfe a kan sawun taya, ya bar tabo mai duhu wanda har yanzu ana ganinsa, kuma kamfanin ya ba da haƙuri amma bai gyara ba. Sun kuma yi alkawarin kawar da launin rawaya da ya bayyana a bakin ƙofa, alhali hasken rana ne ke sauya launin efoksi, kuma wanki ba ya maido shi, sai dai a sake shafa wani rufi na foliyuretan wanda ya fi jure rana. Amma game da kumburin da ya taso a wani gefe a lokacin damina, sun faɗi gaskiya cewa ba aikinsu ba ne, domin danshin da ke tasowa daga cikin kankare ne ke ɗaga efoksi, abin da kan faru idan an shafa shi kafin sabon kankare ya cika kwana 28, ko kuma ba a toshe danshi daga ƙasa ba.

A ganina, mai babban rumbu ko masana'anta inda ake jan kaya masu nauyi zai ci ribar ɗaukar irin wannan kamfani. Mai kanti ko garejin gida kuwa ba ya buƙatarsu, muddin zai riƙa share ƙura kullum, ya shimfiɗa abin goge ƙafa a bakin ƙofa, ya sa roba ko katako a ƙarƙashin janareta da kantocin ƙarfe, sannan ya goge baƙin mai ko ruwan batir da zarar sun zuba.