Boris ne ya cinye shaf ɗin, ko bugu ne ya karya shi?

Malam Auwalu, ka ce ka sayi tsohon babur ɗin ƙanƙara (snowmobile, mai tafiya a kan bel ɗin roba maimakon taya) a Manitoba ta ƙasar Kanada, agogon gudu ya fara tsayawa, bayan kwana biyu ka ji gurnani daga ƙasa, sai shaf ɗin da ke jan bel ɗin ƙasa ya karye. Abokinka ya ce tuƙin ganganci ne, kai kuma kana zargin boris. Duka biyun suna kashe shaf, amma ba iri ɗaya suke kashe shi ba.

Inji yana juya kuloci na farko, bel ya kai ƙarfin ga kuloci na biyu da ke kan shaf na sama. Daga nan sarƙa, wadda ke cikin akwatinta tana wanka da mai, ta sauko da juyin zuwa shaf na ƙasa. Shi wannan na ƙasan ne ke ɗauke da haƙoran da ke jan bel ɗin roba mai taka ƙanƙara. Ƙirar Ski-Doo ne, ko Polaris, ko Arctic Cat, tsofaffin duk kusan haka suke.

Shaf ɗin yana zaune a kan boris biyu. Na gefen akwatin sarƙa yana cikin rufi. Na ɗaya gefen kuwa shi ne maraya: dusar ƙanƙara tana narkewa a kansa idan ƙarfe ya yi zafi, ruwan ya ratsa sil, ya wanke giris. A ajiye babur daga Afrilu zuwa Nuwamba da wannan ruwa a ciki, tsatsa ta yi ta aikinta ba mai gani. Idan boris ya ƙame, shaf ya ci gaba da juyawa a cikin zobensa, yana zafi yana sirancewa, har ya kai inda ba zai iya ɗaukar nauyi ba. Wannan mutuwa tana ba da sanarwa: gurnani, karkarwa a matakin ƙafa, wani lokaci ƙaurin ƙarfe. A tsofaffin babura kuma, daga bakin shaf na wannan gefen ake juya wayar agogon gudu, ta wani ɗan ƙaramin makulli. Da boris ya fara wasa, makullin ne ke fara karyewa. Shi ya sa maganarka ta agogo ta fi komai ɗaukar hankalina.

Bugu kuma daban ne. Mutum ya yi tsalle da totur a buɗe, bel ɗin ƙasa yana ta gudu a iska, ya sauko ya cafki ƙasa lokaci guda. Ko yana murzawa a kan santsi sai ya taka tsakuwa. Ƙarfin ya koma kan shaf ya murɗe shi, galibi wajen tsagin da haƙorin sarƙa ke zama. Bel mai ƙusoshi, ko mai dogayen haƙoran roba na hawan dutse, ko injin da aka ƙara wa turbo, duk suna ƙara wannan nauyi. Kututture ko dutse da ƙanƙara ta rufe yakan lanƙwasa shaf ɗin. Agogo ba ya gargaɗi a nan.

Ka ɗauko guntayen biyu ka duba. Idan wajen zaman boris ya yi shuɗi, ya zaizaye, ga tsatsa, to boris ne. Idan tsagin ya murɗe kamar igiya, karayar ta yi karkace, wajen boris kuma sumul, to abokinka ya yi gaskiya. Akwai kuma karayar gajiya: rabin fuskar ya yi duhu da layuka kamar na bawon katantanwa, rabin sabo fes. Wannan tsohuwar tsaga ce, wataƙila tun a hannun mai shi na farko.

Ni dai, daga abin da ka faɗa, ina bayan boris. Amma kada ka wanke ɗaurin bel ɗin ƙasa daga laifi. Duk wanda ya taɓa matse sarƙar babur a gida ya san yadda take cin boris. Haka abin yake a nan. Bel ya matsu, boris ya sha wahala. Ya yi sako-sako, haƙora su riƙa tsallake, kowane tsallake bugu ne. Ka bi awon da littafin babur ɗinka ya bayar, don kowane kamfani da nasa.

Abin da ke damuna shi ne mutane suna sa sabon shaf su bar tsohon boris na gefen sarƙa. Ka canza duka biyun da sil ɗinsu, ka zubar da man akwatin ka duba ko akwai garin ƙarfe, ka duba boris na shaf ɗin sama tunda ka riga ka buɗe. Kafin ka ajiye babur ɗin a ƙarshen hunturu, ka ɗura giris idan akwai wajen ɗurawa, ka ɗaga bayan ka juya bel da hannu kana saurare.